Fankar Motar Burodi

A garejin da ke bayan tashar manyan motoci, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi, akwai wani benci mai majingina da ba wanda ke gusar da shi. Ƙafarsa ɗaya ta karye tun tuni, an tokare gefen da tsohon jak. Bencin Baba Kunne ne, mai gyaran wayar mota. Wanda duk ya zauna a kai katanga zai fuskanta, motocin da ake gyara suna bayansa, kuma da gangan aka ajiye shi haka.

Kunne ba sunansa na gida ba ne, aiki ne ya laƙa masa. In aka kawo mota mai ɗaukar zafi, sauran masu gyara sukan rufar mata da sifana, wannan ya kwance nan, wancan ya ja can. Shi kuwa sai ya ce wa mai motar, "Tayar da ita, ka bar ta tana aiki a tsaye." Daga nan ya je ya zauna a bencinsa, ya juya mata ƙeya, ya lumshe ido. Gareji kan yi tsit. Har Guduma, mai gyaran jikin mota da rumfarsa ke jikin katangar nan, wanda in bai daki ƙarfe ba ransa ba ya masa daɗi, yakan ajiye gudumarsa ya jira. Inji ya yi ta aiki, ruwan lagireto ya ɗau zafi, can sai rile, ɗan akwatin nan da ke sakar wa fanka wuta, ya ce ƙas, fanka ta tashi. A daidai lokacin Baba Kunne zai ɗaga yatsa ɗaya. Daga ƙarar kaɗai zai ce wuta ba ta isa, ko fiffike ya tsage, ko kuwa fanka lafiyarta ƙalau, a nemi ciwon a wani wuri. A buɗe a duba, a tarar haka ne.

Da wannan kunne ya ci ya sha, ya yi iyali, ya ga jikoki. Da shi ya riƙe ƙaninsa Auta, wanda mahaifinsu ya rasu ya bari yana rarrafe. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun watse, wasu sun buɗe shaguna masu tayil a ƙasa, suna jona wa mota na'ura ta faɗa musu ciwonta. Bai taɓa yi musu hassada ba. Ya dai ce na'ura ba ta san motar da aka yi ta yi wa gyaran dabara a gefen hanya ba, kuma irin waɗannan motocin su ne nasa.

Yanzu gwiwa ta fara ƙi, baya ya sage, in ya sunkuya cikin inji sai ya dafa kafin ya miƙe. Duk wannan bai dame shi ba, tsufa ne, kowa ya san da zuwansa. Abin da ya ɓoye wa duniya shi ne kunnen. A hankali abin ya zo masa. Da farko tsuntsayen da ke kan wayar lantarki ne suka daina kuka, ya ɗauka ƙaura suka yi. Sai butar shayi ta daina fito. Sai wani shuuu ya zauna masa a ka, kamar rediyon da aka bari tsakanin tasha da tasha. Maganar mutane yana kama ta in suna gabansa, rabi da kunne rabi da leɓe. Amma ƙas ɗin rile, da siririn kukan fanka a ƙarƙashin rugugin inji, sun tafi ko sallama ba su yi masa ba.

Sai ya samo dabara, irin wadda mutum kan yi yana jin kunyar kansa. Ya lura da zarar fanka ta tashi, Guduma kan sosa ƙeya ya miƙa hannu ga gudumarsa, alamar jira ya ƙare. Don haka Baba Kunne ya daina rufe ido duka. Yakan bar 'yar kafa, yana satar kallon Guduma ta ƙasan gira. Guduma ya sosa ƙeya, shi kuma ya ɗaga yatsa. Sauran aikin ya ƙarasa da ƙwan gwaji, ɗan ƙwan fitilar da ake gwada wutar waya da shi, da abin da shekaru suka koya masa, kuma galibi yakan dace. Sai dai yakan koma gida a gajiye fiye da da, don riƙon ƙarya daga safe har yamma ya fi ɗaga batir nauyi.

Auta yanzu magidanci ne mai furfura a gemu, sunan ne kawai bai sake shi ba. Yana da tsohuwar motar kaya mai rufi, da ita yake ɗaukar burodi daga gidan gashi ya rarraba wa shaguna, har unguwannin da ke can saman tudu. Masu gidan burodin ba ruwansu da uzuri. Burodi ba ya jira, in motarka ta kwanta akwai masu zaman jiran hanyarka, kuma wanda ya karɓe ta ba ya son saki.

Wata safiya fankar motar ta mutu murus, ta ƙone har tana wari. Auta ya je kasuwar kayan gyara ya samo wata ta hannu, wadda aka ciro daga wata mota daban. Ta zauna a mazauninta daidai, sai dai soket ɗinta ya ƙi shiga na motar. Wannan ba komai ba ne a wurin Baba Kunne. Ya datse soket ɗin, ya feƙe wayoyin nan biyu, duk sun koɗe ba a gane launinsu, ya murɗa su da na motar, ya naɗe da tef. Ya zauna a benci, Guduma ya sosa ƙeya, ya ɗaga yatsa.

"Ta tashi. Kama hanya kafin burodinka ya zama katako."

Kafin rana ta yi sanyi Auta ya dawo, rigarsa sharkaf da gumi.

"Yaya, allurar zafin nan hawa take. Da na kama tudu sai ta nufi ja."

"Ka duba ruwa?"

"A cike yake."

Baba Kunne ya ciro fis ya ɗaga shi a rana, lafiya lau. Ya canja rile da wani da ya san yana aiki. Aka tayar da mota, aka bar ta a tsaye, fanka tana tashi tana tsayawa, ga ta nan kowa yana gani. Allura ta ɗan wuce tsakiya ta tsaya cak.

"Ka gani? A gabana ba ta da ciwo."

Motar kuwa kamar yaron da ake kaiwa asibiti, da ta ga gareji sai ta warke. Auta ya tafi, washegari ya dawo da magana iri ɗaya. Aka canja ɗan abin nan da ke jin zafin ruwa ya ba fanka umarni. Aka canja murfin lagireto. Aka kira Dogo bakanike, ya sauke lagireton ya wanke shi har ruwan ya fito fari, ya matsa kowane tiyo, ya duba famfon ruwa, ya goge hannu ya ce shi dai nasa ɓangaren babu laifi. Auta ya koma yawo da jarkokin ruwa a bayan kujera, yana tsayawa a rabin tudu yana jiran inji ya huce, masu shaguna suna kiransa suna faɗa.

Ran nan da ya sake dawowa, ran Baba Kunne ya riga ya ɓaci, ba da Auta ba, da kansa, amma a kan Auta ya sauke.

"Kai ne kake loda mata kaya kamar tirela! Ga ƙafarka da nauyi. Tun kana yaro haka kake, keke ma sai da ka karya masa feda."

Auta ya yi murmushin da ƙanne kan yi in an tono musu tsohon laifi. Ya sunkuyar da kai, yana kallon cikin injin, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Baba Kunne ya ga gemu yana motsi, bai ga leɓe ba. Mutane na tsaye, ga Dogo, ga masu jiran nasu gyaran. Ba zai ce a maimaita ba.

"Na ji, na ji," ya ce, yana kaɗa hannu.

Sai ya yi abin da masu gyara kan yi in dabara ta ƙare. Ya tsallake rile da komai, ya ja waya kai tsaye, yadda da an murɗa makulli fanka za ta tashi, ba za ta tsaya ba sai an kashe mota.

"Yanzu ba ta da lokacin hutu. In ta sake zafi, ka zo ka canja mini suna."

Da yamma ya koma gida ya zube a kujerar tsakar gida, bai ko cire takalmi ba. Matarsa, Innar yara, ta kawo masa shayi. Ta daɗe da daina yi masa magana daga ɗaki ko daga bayansa. Takan zo ta tsaya a gabansa, ta jira ya ɗago, sannan ta buɗe baki, kuma ya lura da haka, ya yi kamar bai lura ba.

"Baban yara, ka je a duba maka kunnen nan."

"Wane kunne?"

"Na kanka. Jiya na kira ka daga bakin ƙofa har maƙwabta suka amsa, kai kana nan kana kallon bango."

"Tunani nake."

"To tunanin ya yi yawa. Jikanka ma ya ce Kaka ya daina kula shi."

Ya ajiye kofin da ƙarfi har shayi ya fantsala. Ya so ya yi faɗa, sai ya ji ba shi da ƙarfin faɗan. Tsoro ne ke cinsa, tsoro tsagwaronsa. Hannu kowa na da shi, ƙwan gwaji a kasuwa ake sayarwa. In aka ce kunnen ya tafi, me ya rage da zai sa mutum ya wuce shaguna masu tayil ya zo ya taka baƙin mai don ya same shi?

"Ki bar ni, na gaji," ya ce. Ta ɗauki tsumma ta goge shayin.

Washegari da rana tsaka yana sunkuye cikin wata mota, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Guduma ne, yana nuna aljihun Baba Kunne, inda wayar salularsa ke ta ruri bai sani ba. Guduma ya amsa masa, ya saurara, fuskarsa ta canja.

"Auta ne. Ta tsaya a tudu. Taso mu je."

A bayan babur ɗin Guduma suka tafi. Tun daga nesa suka hango motar a gefen titi, murfin inji a ɗage, an tokare tayar baya da dutse. Ƙasan motar ya jiƙe da ruwa mai tsatsa. Ƙofar baya a buɗe, burodi jere a cikin leda yana gumi a rana. Auta na zaune a bakin kwata, ya rataya hannuwa a gwiwa. Baba Kunne ya zaro sandar gwada mai, ya ga man ya koma kamar shayi mai madara. Ruwa ya shiga inji. Gasket, shimfiɗar da ke raba ruwa da mai a ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, sai an buɗe kan injin, kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

Baba Kunne ya ce wa Auta ya murɗa makulli kawai, kada ya tayar. Fanka ta tashi, ga ta tana juyawa da ƙarfinta, ba ta da niyyar tsayawa. Gwiwoyinsa suka gaji da tsayuwa, sai ya tsuguna a gaban motar, dab da ragar gaba, don kawai ya huta.

Iska mai ɗumi ta bugi fuskarsa.

Ya ɗan jima a haka kafin hankalinsa ya kai. Fanka janyo iska take daga waje, ta ratsa lagireto ta shige ciki. Wanda ya tsuguna a gaban mota bai kamata ya ji komai a fuska ba. Ya waiwaya ya ga wata ledar burodi a ƙasa, ya ɗauka ya ɗora a kan ragar. Maimakon ta manne, sai ta taso ta faɗo masa a ƙirji. Ya sake ɗorawa, ta sake dawowa.

Baya fankar take juyawa. Wayoyin nan biyu da suka koɗe, ya haɗa su a juye. A gareji, mota na tsaye, ko ta wace fuska iska ta bi tana ɗan rage zafi, shi ya sa allura ke tsayawa. A kan hanya kuwa, iskar gaba na son shiga, fanka na tura ta waje, sai lagireto ya zauna a tsakiya ba abin da ke ratsa shi. Shi kuma da hannunsa ya ja mata waya kai tsaye, don kada ta huta da wannan ɓarna ko na minti ɗaya.

Fankar da ke juya baya tana da ƙararta, wani gurnani ne mai kama da na shaƙewa. Ya san shi sarai. A da, daga bakin ƙofar gareji yake jin sa, ya yi ta yi wa masu gyaran wasu wurare dariya a kansa.

Ya ce a kashe makulli. Ya warware tef ɗin, ya musanya wayoyin, ya naɗe. Aikin bai kai shan kofin ruwa ba. Aka murɗa makulli, ya ɗora ledar, ta manne a ragar kamar an liƙa ta.

Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya a gaban ƙaninsa.

"Ni ne, Auta. Ba kayanka ba ne, ba ƙafarka ba ce. Ni na juya wayar."

Auta ya ɗago ya dube shi, kuma wannan karon ya yi magana a fili, yana buɗe baki sosai, yadda Innar yara take yi.

"Tun ranar farko na ji ƙarar ba irin ta da ba ce, Yaya. Na faɗa maka a gareji, ka ce ka ji. Sai na ce a raina, in Yaya ya ji bai ce komai ba, to nawa kunnen ne ke ƙarya."

Babu zargi a fuskarsa, kuma da ma zargin ne da ya fi sauƙi. Baba Kunne ya juya ga Guduma, wanda ke tsaye yana wasa da makullin babur. Hannun Guduma ya nufi ƙeya, sai ya tsaya a rabin hanya, ya sauke shi.

"Kai ma ka sani?"

"Ni ƙeyata ba ta ƙaiƙayi, abokina. Don kai nake sosawa." Ya kawar da kai, sannan ya tuna, ya juyo da fuskarsa. "Ni tashinta kawai na iya ji. Ban san gaba ba, ban san baya ba. Da na sani..."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Dogo ma ya sani. Mai shayin bakin gareji ma. Mun ce a rufa maka asiri."

Baba Kunne ya dubi ruwan da ya jiƙe titi, da burodin da ba zai kai ko'ina ba yau. Asirin da aka rufa masa ke nan, a kan Auta ya fashe. Ya ji gajiya ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa, ya nemi wuri a bakin kwatar ya zauna kusa da ƙaninsa, suna jiran motar da za ta ja su.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Dogo ya buɗe kan injin, aka kai aka goge, aka nemo gasket. Gidan burodi suka ba wani hanyar tudu, suka ce wa Auta in motarsa ta tashi za a duba. Auta yana zuwa gareji kullum ya zauna, don zaman gida ya fi masa wuya. Baba Kunne ya cire wayar nan ta kai tsaye, ya mayar da rile da komai yadda masu ƙera motar suka tsara, yana yi a hankali, yana gwada kowace waya da ƙwai kafin ya naɗe.

Ranar da aka gama, mutane suka taru kamar yadda suka saba. Auta ya tayar da mota. Gareji ya yi tsit, Guduma ya ajiye gudumarsa. Kowa na jiran Baba Kunne ya nufi benci.

Bai nufa ba. Ya zaro ledar burodi daga aljihu, ya dafa gwiwa ya tsuguna a gaban ragar, ya riƙe ledar da yatsu biyu. Inji ya yi ta aiki. Ya ci gaba da tsuguno, bai tashi ba. Can sai ledar ta kuɓuce daga hannunsa ta manne.

Ya ɗago ya dubi ƙaninsa, da ke tsaye a gefen motar.

"Yaya kake jin ta?"

Auta ya karkata kai ya saurara, ya faɗi wani abu. Inji na ruri, hasken rana na bayansa, leɓen ba su fito ba. Dogo na nan, mai shayi na nan, ga baƙi masu jiran gyara waɗanda suka zo saboda sunan da suka ji. Hannun Baba Kunne ya fara ɗagawa zai kaɗa kamar kullum, sai ya mayar da shi kan gwiwa.

"Ɗaga murya, Auta," ya ce. "Ba na ji."